Zakaranku Ba Ya Cara Sai an Kawo Wuta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Kai Ilimin Kaji ga Manoma na Jami'a, Farfesa uban masana, Allah ya ƙara basira.

Bayan gaisuwa mai yawa da ban gajiya. Ni ne tsohon nan mai kaji na bayan gareji. Ban yi boko ba, tela maƙwabcina ne ke rubuta mini, na kuma ja masa kunne kada ya gyara mini magana.

Shekarar da annoba ta share kajin unguwa har ana kwasar su a baro, zakara ɗaya ne ya tsira, kuma nawa ne. Duk zakarun gidana daga tsatsonsa suke. Zan iya jero maka su uba da ɗa, da wanda shaho ya sura, da wanda mota ta taka. Na ƙarshensu shi ne Gajere. Da damina yaranka suka zo cikin fararen riguna, suka ari Gajere wai za su duba jininsa, suka bar mini wani farin zakara da kaji, ingantaccen iri in ji su. Ga abin da ingancin ya jawo, ranka ya daɗe.

Na ɗaya. Zakaran naku a ƙarƙashin ƙwan lantarki ya girma, bai san alfijir ba. Ba ya cara sai an kawo wuta. Ran da babu wuta sai ya sha barcinsa har rana ta take. In matata ta buɗe firji, ya yi cara. In tela ya kunna fitilar kekensa, ya yi cara. Direban da muke katanga ɗaya, wanda tun yana saurayi da carar gidana yake tashi, yanzu kullum sai ya tarar an gama lodi. Mai burodin unguwa, da shi ma carar ke tashe shi, ya daina amsa gaisuwata. Shin a jami'a rana ma makunni gare ta?

Na biyu. Na kai kuka ofishinku, wata baiwar Allah mai fara'a ta ce in sa wani abu a waya da zai riƙa cara a madadinsa. Na gode mata ƙwarai. To in waya ce za ta yi cara, ita ce kuma za ta bi kajin?

Na uku. Kajinku na yin ƙwai, ban musa ba. Sun ma zarce. Kullum, ba hutu ba kunya, amma ba wadda ta yarda ta kwanta a kai. Aka ce sai injin ƙyanƙyasa, shi ma sai da wuta. Duk da haka matata ta koma bayanku. Dokta take kiran farin nan, ta kuma ba shi inuwar da nake shan iska.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Tela ya ga hoton Gajere a babban allon ƙofarku, an rubuta "da" a ƙarƙashinsa, an rubuta "yanzu" ƙarƙashin naku. Ya ce ni ma ina ɓangaren "da", riƙe da shi. Ni ban damu ba, can ɗin ma ya fi mini. Amma Gajere ya tsufa, kuma ban ajiye ɗansa ba. In ya mutu a kejinku, abin da annoba ta kasa yi, ilimi ya yi shi ke nan, kuma a hannuna.

Saboda haka, cikin ladabi, gobe da safe zan sako Dokta a kwali mai duhu, in riƙo tocila da sabon batir, in zauna ƙarƙashin tagar ɗakin taronku. Na ji kuna da manyan baƙi daga waje. In kunna, in kashe, in kunna, in kashe. Za su ji da kunnensu fasahar da kuka kai wa manoma tana aiki, har sai an fito mini da Gajere.

Naka mai biyayya, wanda bai isa ya riƙe maka jaka ba,

Tsoho Mai Kaji, bayan gareji.