Malam Mai Lofe Yana Neman Wawan Gari

Wani ne, ɗan wajen Roni, a zamanin da arzikin fetur ya fara zubowa, gwamnati na gina makarantun sakandare kamar ana shuka gyaɗa. Yau ka wuce ka ga fili, kafin ka sake biyowa ka ga azuzuwa da sabon kwano yana ƙyalli. Gini ya samu, malamai ne babu. Duk wanda ya iya haɗa Turanci layi biyu bai shaƙe ba, sai a miƙa masa alli. Ku daina kallona, ni ma ta wannan ƙofar na shigo. Duk tsararmu haka muke, shi dai nasa ne ya fito fili.

Aka tura shi wata sabuwar sakandaren maza a kan hanyar Kazaure zuwa Babura. Yana zuwa ya tarar Ba'indiyen da ke koyar da adabin Turanci ya tattara ya koma ƙasarsu. Shugaban makaranta ya tara malamai ya ce, "Wa zai karɓi adabi?"

Kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Shi kuwa gogan naku ƙuda ne ya dame shi, ya ɗaga hannu zai kora.

Shugaba ya ce, "Madalla! Allah ya yi maka albarka."

Shi ke nan, ya zama malamin adabi.

Aka ba shi littattafai. Bai fara da cikinsu ba, da bangon baya ya fara, inda ake sa hoton marubuci. Ya ga kowane da kwat, da tabarau, da lofe a baki. Ya ce, "Ashe nan sirrin yake." Ranar Asabar ya shiga mota sai Kano. Ya sayo kwat ta ulu, irin wadda Bature ke sawa in sanyi ya yi niyyar kashe shi. Ya sayo laktaye, da tabarau marar magani, da lofe. Ya gwada zuƙar taba sau ɗaya, ya yi tari har maƙwabta suka leƙo, daga ranar ya riƙa saƙala lofen haka nan ba komai a ciki. Ya haɗa da babur. Mai sayarwa ya nuna masa yadda ake tayarwa, yana shirin nuna masa birki, gogan ya riga ya kai titi.

To, a bakin ƙofar makarantar akwai wata dattijuwa, Tasalla mai ƙosai, ta kewaye wajen suyarta da zana. Wannan zanar ita ta zama birkinsa. Kullum da safe sai ya taho a guje, ya zagaya darbejiyar bakin ƙofa yana jan ƙafa a ƙasa, ya zo ya dafe a jikin zana. Ya sauko, ya gyara laktaye, ya ce, "Sori, Iya."

Ita kuma ta ce, "Allah ya kawo mu gobe, Malam."

A aji kuwa, watan bazara ne, rana kamar ta fasa kwano, shi yana cikin ulu, gumi na bin lofe yana ɗiga a kan littafi. Wata rana yana karanta musu wata waƙar Turawa, ta wani makiyayi da ya zauna gindin itace yana busa sarewa yana kukan budurwa, ƙanƙara na sauka. Yana yi yana lumshe ido yana dafe ƙirji, shi da bai taɓa wuce Zariya ba.

Sai wani ɗalibi, Sama'ilu, ɗan Fulanin wajen Gwiwa, ya ɗaga hannu.

"Malam, tambaya."

"Yi ta da Turanci."

"Malam, in na yi da Turanci, ni da kai duk ba za mu gane ba."

"To yi da Hausa, amma a hankali, kada Shugaba ya ji."

"Shi wannan makiyayin, yana can yana kuka, wa ke duba masa tumakin?"

Malam ya cire lofe ya dube shi. "Tumakin Ingila masu tarbiyya ne. Ba sa shiga gonar kowa."

"To in ƙanƙara ta rufe ciyawa, me suke ci?"

"Biskit."

Sama'ilu ya rubuta, don ya san zai iya fitowa a jarrabawa.

Ana nan sai labari ya zo cewa sufeton makarantu zai zo daga Kano, kuma a zagayen nan za a zaɓi malamin Turanci guda a tura shi kwas Ingila. Gogan naku ya ji, hankalinsa ya tashi. Ya koma gida ya ce wa matarsa, "Dela, daga yau tuwo da cokali mai yatsu za a riƙa ci a gidan nan."

Ta ce, "Miyar kukar fa?"

Ya ce, "Ita ma za ta saba."

Washegari ya shiga aji da ƙarfinsa. Ya ce, "Yau ba karatun na wasu za mu yi ba. Ku za ku rubuta naku, Sufeto ya ga irin 'ya'yan da nake ƙyanƙyashewa. Ku saurara. Marubucin kirki ba ya zama ya ƙago daga iska. Ido yake buɗewa. Ku shiga gari ku nemo mutumin da ya fi kowa wauta. Ku zuba masa ido, tafiyarsa, shigarsa, maganarsa. Ku rubuta mini shi da Turanci, yadda in na karanta zan ji kamar ga shi a gabana. Amma ban da suna, kada a kai mu gaban alƙali."

Mamuda, shugaban aji, ya miƙe. "Malam, dole sai mun shiga gari?"

"Me ya hana ka?"

"Ba komai. Na ce ko na kusa ma zai yi."

"Duk inda ka same shi."

"To, mun gode, Malam."

Bai taɓa ba da aikin da aka gama da wuri irin wannan ba. Har waɗanda ba sa rubuta ko sunansu sai da bulala sun cika shafi sun juya baya.

Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zube littattafan yara, ya ɗauki na farko. Bai yi nisa ba ya fara ƙyaƙyatawa. Ya ɗauki na biyu, ya kwanta. Na uku, har da buga ƙafa.

Dela na tankaɗe ta ce, "Lafiya?"

"Zo ki ji wani sakarai! Wai mutum ne, ana zafin da kaza ke buɗe baki, shi yana cikin rigar sanyi. Wai in ya ɗaga hannu zai yi rubutu a allo, na layin gaba sai su riƙe numfashi."

Dela ta dubi kwat ɗin da ke rataye a igiya.

"Ji wannan kuma. Wai yana yawo da lofe ba taba a ciki!" Ya cire nasa daga baki don ya ji daɗin dariya.

Ta ce, "Naka fa?"

"Haba Dela. Nawa ai salo ne na marubuta. Shi wannan wauta ce zalla. Ki riƙa bambancewa."

"To."

"Abin mamakin, duk yaran mutum ɗaya suka rubuta. Ashe sananne ne. Ya aka yi ban taɓa haɗuwa da shi ba?"

Ta ce, "Ni kam na sha ganinsa."

"A ina?"

"Nan unguwar."

"In ya sake wucewa ki kira ni."

"In sha Allahu."

Abin ya tsaya masa a rai. Da safe bayan ya dafe a zana ya sauko, maimakon ya wuce sai ya matso kusa da kasko.

"Iya, ina kwana. Wata tambaya gare ni. Yarana sun rubuta labarin wani mai babur da bai san birki ba, wai kullum sai ya rushe miki zana. Kin san shi?"

Tasalla ta juya ƙosai. "Sani na haƙiƙa."

"Yaushe yake zuwa?"

"Daidai lokacin da kake zuwa."

"Kai! Saɓani muke ta yi ke nan. Amma mutane ba su da tsoron Allah, dattijuwa kamarki. Ki daina ƙyale shi, Iya."

"Ya zan yi, ɗan nan? An ce malami ne."

"Malami? Wallahi irinsu ne ke zubar mana da mutunci."

Ya shiga makaranta yana girgiza kai. Kafin ya kai aji dabara ta faɗo masa. Ya ce wa yara, "Kun yi ƙoƙari. Wannan mutumin ya wuce a bar shi a takarda. Wasan kwaikwayo za mu mai da shi, mu yi a gaban Sufeto. Wa zai fito a wawan?"

Ba wanda ya motsa. Ya tilasta wa Mamuda. Mamuda ya fito, ya saƙala fensir a baki, ya ɗan taka kamar yadda Malam ke takawa. Aji ya kwashe da dariya.

Malam ya ce, "Kai, tsaya! Wane ɗan Adam ne ke tafiya haka? Ka cika gishiri. Sama'ilu, gwada."

Sama'ilu ya fito ya lumshe ido, ya dafe ƙirji, ya ce, "Biskit."

"Shirme! Ba rai a ciki. Ku ba ni wuri, ni zan fito da kaina. Ba ƙaramin aiki ba ne mai ilimi ya zama wawa, amma saboda ku zan daure."

Ya sa aka nemo masa kayan wasa, wata yagaggiyar riga, da hular kaba, da gemun auduga, aka ajiye a bayan dandamali.

Ranar ta zo. Aka share fili, aka jera kujeru. Ga wakilin Hakimi da mutanensa, ga iyayen yara daga Kanya Babba har Roni, wasu da sandunansu na kiwo. Ga Sufeto a tsakiya, wani dogon dattijo mai furfura wanda aka ce tunda ya fara aiki ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. An tsara Malam ne zai fara yin jawabin maraba da Turanci, sannan ya shiga ya sauya kaya a fara wasa.

Sai ya makara, wajen ɗaurin laktaye. Shugaba ya gaji da jira, ya miƙe ya ce, "Jama'a, yanzu malamin adabi zai fito, kuma yau yana da wasa a kan wani wawa."

Bai rufe baki ba sai ga ƙarar babur. Ashe saboda baƙi an sa Tasalla ta kwashe zanarta tun da sassafe. Gogan ya zagaya darbejiya, ya nufo inda ya saba, ya tarar wayam. Babur ya wuce da shi ta ƙofa, ya ratsa fili, kwat na tashi a baya, yana ihu, "Ku kauce! Sori! Ku kauce!" Ya zagaya dandamali, ya bi ta tsakanin dogarai, ya zo ya dafe a teburin manyan baƙi. Kwalaben lemo suka tarwatse.

Fili ya ɗauki tafi.

Ya miƙe, ya kakkaɓe, ya lalubo lofe a ƙarƙashin kujerar wakilin Hakimi ya mayar baki. Ya ga ana tafi, ya ce a ransa, ashe haka ake ƙaunata a garin nan. Ya hau dandamali, ya lumshe ido, ya dafe ƙirji, ya saki Turanci. Turancin da in Bature ya ji sai ya nemi tafinta. Ya yi wa Sufeto maraba da kalmar da ake yi wa mamaci ban kwana. Ya kira wakilin Hakimi uwargida. Zufa ta kwaso tabarau ta sauke a kan lofe, ya tura su sama, suka dawo.

Yara suna birgima a ƙasa. Wani tsoho ya ce, "Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma wallahi yaron nan ya iya." Sufeto kuwa ya cije, ya cije, abin ya fi ƙarfinsa. Ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa, hawaye na zuba. Malaman da suka shekara suna tsoronsa suka ga haƙoransa har na ƙurya.

Da gogan ya gama, Sufeto ya taso da kansa ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Malam, na zaga makarantun jihar nan kaf, ban taɓa ganin wanda ya fito a wawa kamarka ba. Shigar nan! Faɗuwar nan! Kuma yadda ka bi Turanci ka karya shi gaɓa-gaɓa, ai sai wanda ya san shi ciki da waje. Wa ya ba ka shawarar lofe ba taba?"

Gogan ya yi murmushi, ya gyara laktaye.

"Ranka ya daɗe, ai ba a fara ba. Wannan jawabin maraba ne. Yanzu zan shiga in sa kaya in fito a wawan."

Sufeto ya saki hannunsa a hankali. Ya dubi Shugaba, Shugaba ya dubi takalminsa. Sufeto ya dawo ya dubi Malam tun daga tabarau har ƙasa.

Ya ce, "Zauna ka huta, Malam. Duk wawan da ya fito bayanka, mai hankali za a ɗauke shi."