Yaƙin Hansatu a Kan Kular Ɗanwake

Da sunan Mai kowa mai komai muke buɗe tarihin Hansatu, 'yar Malam Tanko mai ɗinkin hula, jikar Dudu mai ƙosai wadda ƙamshin kaskonta ke tayar da unguwa guda a Malumfashi. Sarauniyar madafi, dodon ƙwarƙwata, mai gane zazzaɓi tun yana hanya, wadda aure ya kai ta Fatakwal, birnin da ruwan sama ba ya sallama.

Musabbabin yaƙin kuwa, 'yarta ta fari, Rumasa'u, kullum takan tafi makaranta da koriyar kula cike da ɗanwake, ta dawo da kula tas kamar an lashe, cikinta kuma yana ƙugi. A tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai. Maigida yana kan hanya da tirela. Malamar ajin ba ta jin Hausa, Turancin Hansatu kuma bai wuce na sayen tumatir ba.

Sai jaruma ta sha ɗamara ta nufi maƙwabciyarta Maman Chidi, wadda ta taɓa zaman Kano, ta ce, "Maman Chidi, ƙera mini tambaya ɗaya tak da Turanci: wa ke cinye abincin 'yata?" Aka ƙera, aka nuna mata kalmar da ke shiga gaba riƙe da tuta da waɗanda ke take mata baya. Hansatu ta shiga wasa wannan takobi babu ƙaƙƙautawa. Ta tambayi murhu, ta tambayi madubi, ta tambayi kazar masu gida, har kaza ta daina bi ta ƙofarta.

Ranar gumurzu ta yafa mayafin zuwa biki, ta tsallake kwatami, ta keta rundunar masu keke, ta dira makaranta daidai an fita tara. Ta tsaya gaban Malama Ibinabo, ta yi bisimilla a zuci, ta zare tambaya. Wallahi ta fita sumul, ko gargada babu!

Malama ta yi murmushi ta mayar da tata: "Yaya sunan 'yar taki?"

Nan fa ƙasa ta yi girgiza. Hansatu ta ji tambayar sarai, amma yarinyar 'yar fari ce, tun ranar suna bakinta bai taɓa kama sunan nan ba. A gida "ke" ce, a waje "yarinyar nan". Ta faɗa a bainar jama'a, da wane ido za ta kalli Innarta? Ta waiga fili ko za ta nuna ta da yatsa, ga yara tuli, riga iri ɗaya, kai iri ɗaya. Maman Chidi tana can gida tana wanki.

A wannan sa'a mai tsanani, babu maƙeri babu mataimaki, jikar Dudu ta tattaro ragowar Turancin tumatir, ta sa mai tuta a gaba, ta ƙera tata da kanta: "Ina yarinya mai koriyar kula?"

"Ah, ƙaramar malama!" in ji Malama Ibinabo tana dariya, ta ja ta zuwa gindin mangwaro.

Ga Rumasa'u a kan bulo, kula a cinya, yara sun yi layi.

"Kai Tonye, ba haka ake tambaya ba," take ce wa na gaba. "Ka ce, don Allah za ki sam mini?"

Yaro ya maimaita da Hausa, aka ɗora masa ɗanwake ɗaya a tafi, na baya ya matso.

Hansatu ta daɗe a tsaye, takobi a hannu, babu abokin gaba. Da ƙyar ta ce, "Ke! Ke kuma me kika ci?"

"Umma, ai malama ba ta ci a gaban ɗalibai."

Washegari aka ga mayaƙiyar Malumfashi ta sauko da babbar kula daga saman kwaba, ta cika ta da ɗanwake har baki, ta zuba wani a kwano daban, ta tsaya a kan yarinyar nan sai da ta cinye shi a gabanta. Da hantsi kaza ta dawo.