Cinyar Akuya da Gwiwar Gumsu

"Gajiya ta bi lafiya, amarya. Ya gwiwa? Har yanzu tana yajin aiki?"

Muhsin ne yake amsa gaisuwar kakarsa Gumsu a tsakar gidanta da ke Dungas, ranar kasuwa. Bai daɗe da dawowa daga Maroko ba, inda ya karanto aikin kine, wato gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki. Tun da zazzaɓi ya kwantar da tsohuwar a farkon damina, ba ta iya tashi daga zaune sai an kama ta. Babban ɗanta, mahaifin Muhsin, ya aiko daga Magarya cewa in an gama yankan gero bai ga sauyi ba, zai zo da mota ya maida ta gidansa. Ita kuwa ta ce gawarta ce kaɗai za ta bar ɗakinta.

"Gwiwata ta fi diflom ɗinka aiki, maigida," in ji Gumsu daga kan 'yar kujerarta. "Ina saƙona?"

"Ga shi. Cinyar akuya, ta baya."

"Ƙafafu na aike ka, a yi mini romo in sha gwiwa ta yi ƙarfi. Duk lakkol ɗin da ka yi ba a koya maka bambancin ƙafa da cinya ba?"

"Tun damina kike shan romon ƙafa. Awakin Dungas duk sun gurgunce a kanki, ke kuma kina nan inda aka ajiye ki. Ga wanzami ya tsattsaga miki gwiwa ta koma ƙwaryar zane. Miƙo ƙafar in taɓa cinyar in ji."

"Ka taɓa me? Kai da ko goron neman aure ba ka kawo ba?"

"Na san haka za ki ce. Shi ya sa na sayo wadda ba ta da kunya."

Ya durƙusa gabanta, ya shimfiɗa cinyar a kan faifai, ya zaro wuƙa ya buɗe naman a hankali.

"Madalla," in ji Gumsu. "An kai ka ƙasar Larabawa ka koyo fawa. Da a bakin kasuwa aka ajiye ka, ai da ko hanji kana kawo mini."

"Dubi nan, tsohuwa. Wannan tsokar ta gaba, a jikin ɗan Adam guda huɗu ne. Sun taho daga sama, suka haɗa kai a jijiya ɗaya, ta bi ta kan ƙoƙon gwiwa ta kama ƙwauri."

Ya ja tsokar, guntun ƙwaurin akuyar ya miƙe. Ya sake ta, ya lanƙwashe. Gumsu ta ɗan sunkuyo, ta kuma yi sauri ta kau da kai don kada ya gani.

"Matacciyar akuya ma ta miƙe ƙafa," in ji Muhsin. "Saura ke. Gwiwa ƙyaure ce kawai, waɗannan su ne masu turawa. Kin sa an yi ta yi wa marar laifi tsaga, ga masu laifin nan kwance suna cin tuwo."

"To waɗannan na ciki fa, malamin awaki?"

"Su ke matse cinya da cinya, su ke riƙe ki kada ki yi tangaɗi in kin ɗaga ƙafa ɗaya."

"Da su na matse ƙwarya ina ɓarar gyaɗa tun ubanka yana yawo ba wando."

"Gaskiya ne. Yanzu kuma ko ƙuda ba za su matse ba. Wa ke ɗauko miki buta?"

"Zulaiha, matar baffanka."

"Wa ke ɗaga ki in za ki yi salla?"

"Duk wanda ya fi kusa. Ni na haifi gidan nan. So kake in riƙa yunƙuri surukai suna kallona?"

"To ba zazzaɓi ne ya cinye miki cinya ba, ladabi ne. Tsoka ba ta san girma ba. In ba a sa ta aiki ba, sai ta tattara kayanta ta tafi."

"Kamar kai ke nan."

"Ni ai na dawo. Ita ma tana dawowa in an kira ta."

Ana haka aka kira azahar. Gumsu ta ɗan motsa, sai ga Zulaiha ta fito daga madafi da sauri tana goge hannu a zane, za ta kama ta. Muhsin ya ce ta dakata. Ya jawo buhun gero daga gindin rumbu, domin kujerar ta yi ƙasa da yawa ga mai fara koyo. Shi da Zulaiha suka ɗora tsohuwar a kai.

"Wannan ce ɗagawar ƙarshe," ya ce. "Ja ƙafafunki baya. Ki sunkuyo har hancinki ya wuce gwiwa, sannan ki taka ƙasa."

"Yau ni ake koya wa tsayuwa. Yaron da na goya yana yi mini fitsari a baya."

Ta yunƙura, ta ɗago kaɗan, ta koma daɓas. Zulaiha ta miƙa hannu, Muhsin ya girgiza mata kai, ya juyo ga Gumsu.

"Ba komai, amarya, bar shi. A Magarya akwai kujera mai laushi. Za a zaunar da ke gaban telbijin, a rufe ƙofar gida don kada ƙura ta taɓa ki. Ba kukan awaki, ba maƙwabta masu shigowa da surutu. Ɗakin nan naki kuma ya yi daidai da ajiyar harawa."

Gumsu ta dubi ƙofar ɗakinta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ja ƙafafunta baya, ta yi bisimilla, ta sunkuyo. Cinyoyinta suna rawa har zanenta yana kaɗawa, amma ta miƙe, ba hannun kowa a jikinta.

"Zulaiha," ta ce tana haki, "ki gaya wa mutanen gidan nan, duk wanda ya sake ɗaga ni, ni da shi ne. Kai kuma ka buga wa wancan na Magarya waya, ka ce ya adana man motarsa."

"Sai kin yi haka safe da yamma, kullum, kafin in buga."

"Na ji, Sarkin Fawa." Ta waiga ta dubi buhun a bayanta. "To yanzu ya ake zama?"

"Ke da kika shafe damina kina zaune, yau ni kike tambaya?"

Dariya ta ƙwace mata, ta koma kan buhun a hankali tana share hawaye da bakin mayafi.

"Ja'iri. Shiga ɗaki, akwai zuma a bayan gado, ka ɗauka." Muhsin ya juya zai tafi, ta ɗaga masa hannu. "A'a, tsaya. Ni zan ɗauko."