Yadda Za Ki Rage Kwalin Kati Ba Tare Da Falle Ɗaya Ya Bar Gida Ba

Idan ke ma'abociyar yanka kwali ce, wato takardar nan mai kauri, mai launi-launi, da ake yin katin gaisuwa da furanni da 'yan akwatunan kyauta da ita, kuma mutanen gida sun fara yi miki kallon wadda ta cinye musu ɗaki, to ki kwantar da hankalinki. Ga hanya tabbatacciya da za ki rage kayanki kowa ya shaida, alhali ko falle ɗaya bai fita ba. An gwada ta a kan wata mata da maƙwabta ke kira Anti Almakashi, ta kuma yi aiki tsaf har mataki na shida. Abin da ya faru a na bakwai laifinta ne.

Ga yadda lamarinta yake. Ɗaki uku ne a gidan: nata da maigida, na yara, sai na kwali. Mahaifinta, tsohon ma'aikacin gidan waya, idanunsa sun yi rauni har likita ya ce kada a sake barinsa shi kaɗai. Ran Asabar za a kawo shi. Maigida ya faɗa mata ba wasa a fuskarsa: ko dai gado ya shiga ɗakin kwali, ko a wuce da tsohon zuwa gidan yayanta, tafiyar yini guda, a bene hawa na uku. Tana son ubanta kusa da ita, tana kuma son kwalinta. A irin wannan wuri ake neman gwani.

Mataki na 1: Ki yi shela

Kada ki taɓa komai tukuna. Ki ɗauko tsintsiya ki jingine a bakin ƙofa, ki tsaya inda kowa zai ji, ki ce yau za a ga aiki. Masana sun tabbatar cewa mutanen gida sun fi tuna shela a kan sakamako. Anti Almakashi ta yi tata ran Litinin da safe, ta shiga ɗakin, ta zauna tana shafa wani ja mai ƙyalli da ta manta tana da shi, har yara suka dawo daga makaranta.

Mataki na 2: Ki sayo abin zubawa

Matsalarki ba yawan kwali ba ce, ƙarancin robobi ne. Ki tafi shagon kayan rubutu, wanda kika saba, don mai shagon ya san darajarki.

"Anti, wani sabon kore ya iso, na ɓoye miki," in ji shi tun tana bakin ƙofa.

"A'a, malam, ragewa nake yi yanzu."

"Na ji labari. Shi ya sa ƙunshi biyu kawai na ajiye miki."

Ta koma gida da roba huɗu da ƙunshi biyu. Wannan ba saye ba ne. Da ta bar shi, da wani wanda bai san ciwonsa ba ya saya ya rubuta "Ana sayar da ƙanƙara" a kai.

Mataki na 3: Ki kasa kashi uku

Na ajiyewa, na shawara, na bayarwa. Duk wanda kika ɗaga zuciyarki ta motsa, na ajiyewa ne. Wanda ba ta motsa ba, ki ƙara dubansa a bakin taga, za ta motsa.

A nan ne maigida zai leƙo, don haka ki shirya. Na Anti Almakashi ya ɗaga falle biyu ya ce, "Maman yara, waɗannan ai duk farare ne. Ki zubar da ɗaya mana."

"Wanne ne fari?"

"Duka biyun."

"Na hannun damarka farin madara ne. Na hagun farin auduga. Farin gaske yana ƙarƙashin ƙafarka, don Allah ka ɗaga."

Ya ɗaga ƙafar, ya fita a hankali. Zuwa yamma kashin bayarwa ya samu falle ɗaya, mai ruwan ƙasa, wanda shayi ya taɓa zubewa a kai.

Mataki na 4: Guntaye

Jahili kaɗai ke zubar da guntu. Wanda bai wuce farcen yatsa ba ma idon tsuntsu ne, ko tsakiyar fure. Dabarar ita ce ki yi amfani da su su ƙare. Anti Almakashi ta juye gwangwanin biskit uku na guntaye a tebur, ta yi furanni uku masu kyau. Furanni suna son ganye, ganye kuwa sai sabon koren nan, sai ta yanka shi. Da ta share teburin, guntayen ba su shiga gwangwani ukun ba, sai da aka juye sukari aka ba ta na huɗu.

Mataki na 5: Ki yi kyauta, amma ki yi tambaya

Ki cika leda ki kira wani ɗan'uwa. Anti Almakashi ta kira ƙanwarta, mai koyar da ƙananan yara. Ƙanwar ta zo da murna, har ta rataya ledar a kafaɗa.

"Me za ki yi da shi?" in ji Anti Almakashi.

"Yara za su yayyaga su manna a takarda, Yaya. Suna jin daɗinsa sosai."

"Su yayyaga."

"E, da hannu."

"Kawo in duba wani abu a ciki."

Ƙanwar ta tafi da fallen nan mai tabon shayi kaɗai, wanda dama ba ya cikin lissafi. Ki lura: kyautar ta riga ta tabbata tun lokacin da kika yi niyya, ɗaukar kayan ba dole ba ne.

Mataki na 6: Ki rarraba

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. Kwali yana da hali guda mai kyau, shi ne kwanciya shafal. Ran Juma'a Anti Almakashi ta shimfiɗa shi a ƙarƙashin katifar yara, a bayan firji, a cikin akwatin tafiyar maigida, a saman kabad. Ragowar, wanda ya fi yawa, ta jera shi tsakanin katakon gadon da aka shigar wa Baba, mahaifin nata, da katifarsa. Ta share ɗakin, ta buɗe taga.

Maigida ya shigo ya juya sau biyu. "Gaskiya kin yi ƙoƙari. Ban zaci za ki iya ba."

"Ai na gaya maka," in ji ta, tana tare ƙofar kabad da gwiwa.

Da a nan ta tsaya, da yau ita ke koyar da wannan darasi.

Mataki na 7: Kada ki taɓa yanka na musamman

Kowace mai kwali tana da falle ɗaya da ya fi ƙarfin almakashi. Dokarsa ɗaya ce: a jira ranar da ta dace. Ranar ba za ta zo ba, kuma amfaninta ke nan.

Na Anti Almakashi shuɗi ne mai duhu, an danna masa zanen ganyaye da ake ji da yatsa. Ta saye shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, makon da Baba ya yi ritaya. A gaban kowa ta ce masa, shi da ya ƙare rayuwarsa yana tantance wasiƙun mutane, za ta yi masa katin da bai taɓa ganin irinsa ba. Da ta ɗora rula a kai sai ta ji tsoro, ta ce bari hannunta ya ƙara faɗawa. Hannun ya faɗa tuntuni, ta yi wa maƙwabta da abokan aikin maigida kati ba adadi, amma wannan ko leda ba a cire masa ba. Ba ta yarda ta danne shi da katifa ba, sai ta kwantar da shi a durowar gefen gadon. Kuskuren ke nan.

An kawo Baba ran Asabar da hantsi. Ya lalubi gadon, ya zauna, ƙafafunsa na lilo.

"Gadon nan yana da tudu, 'yar nan."

"Irin na zamani ne, Baba."

Ya jawo durowa don ya ajiye maganinsa. Hannunsa ya tsaya. Ya zaro fallen daga leda, ya bi gefensa da babban yatsa, ya bi ganyayen ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ba takardar banza ba ce," in ji shi. "Shekara talatin ina taɓa irinta ta cikin ambulan. Da na ji kaurin nan, na san wanda za a kai wa ana ji da shi. Wa za ki yi wa?"

Gwana za ta ce na oda ne. Ita kuwa kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Naka ne, Baba. Tun na ritaya."

Ya yi dariya. "Ashe yana nan. Na ɗauka ya ɓata a hanya ne. Yakan faru, ban riƙe kowa ba."

Ta ɗauko almakashi. Ba ta auna ba, ba ta nemi rula ba, hawaye ma bai bar ta ta ga layi sosai ba. Ta yanka, ta ninke, ta yanko haruffa manya masu kauri daga farin madara, ta manna su yadda yatsa zai iya karantawa. Gefe ɗaya ya karkace. Aikin da ya jira shekara goma sha ɗaya bai kai rabin awa ba. Washegari ta kira ƙanwarta ta ce ta zo da leda babba, kuma kafin sati ya zagayo ƙafafun Baba sun taɓa ƙasa. Tun daga nan muka cire ta daga cikin ɗalibanmu.

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba shi da alhakin katifar da ta yi tudu, ko firjin da ya ƙi komawa jikin bango, ko maigidan da ya buɗe akwati a masauki ya tarar da kore maimakon riguna. Duk wadda ta bi matakan nan ta bi ne da ƙafarta. Mun yi alkawarin kwalinki zai zauna lafiya, kuma shuɗin fallen nan ya zauna shekara goma sha ɗaya, ko dusashewa bai yi ba. Don haka kada a zo mana da maganar tambayar da tsohon ya yi, bayan ya gama bin haruffan da yatsa sau biyu, ya ɗaga katin dab da fuskarsa:

"Wane launi ne, 'yar nan?"