Ranar Da Sarƙata Ta Yi Min Wankan Dusa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe min sauran labaran duniya, da ranar da na tara mutane da bakina don su zo su ga basirata. Sun zo kuwa, sun gani, kuma har yau akwai waɗanda ba su gama dariya ba.

Lokacin ina cikin wata na uku da kama aiki a wata masana'antar abincin kaji da ke Sharada a Kano. Ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, digirina na injiniya ko ƙura bai fara yi ba. Ina yawo da farar hular kwano da biro uku a aljihun gaba (ɗaya ne kawai yake rubutu). Hajiya mai kamfanin ta ce za ta gwada ni wata uku, in ta ga amfanina in zauna, in ba ta gani ba kowa ya kama gabansa. Saura mako uku wa'adin ya cika, ni kuwa babu abin da na yi wanda za a nuna, ban da zagaye da gyaɗa kai a gaban injina.

To akwai wata na'ura a kamfanin, doguwa kamar hasumiya, aikinta ta ɗebo haɗin dusa daga ƙasa a cikin jerin kwanuka ta kai sama ta juye a rumbu. Haɗin nan dusar masara ce da waken suya da garin busasshen kifi. Can a saman, injin lantarki ne yake juya ta da sarƙa irin ta keke, sai dai wannan ta yi kaurin yatsu uku. Sarƙar nan ita ce ciwon kan kowa. Duk bayan 'yan makonni sai ta tsinke, aiki ya tsaya, motocin masu gonakin kaji su yi layi a bakin ƙofa, Hajiya ta sauko daga ofis tana faɗa.

Mai gyara ta shi ne Baba Ishaya, wani dattijo mutumin Zonkwa wanda ya fara taɓa injina tun kafin a yi auren iyayena. Ba shi da yawan magana. Kullum asuwaki yana gefen bakinsa, in ka yi masa dogon bayani sai ya ce maka "To," ya ci gaba da abin da yake yi.

Ina ganin sarƙar ta sake tsinkewa na ce alhamdu lillahi, ga damata ta zo. Na hau ofis na ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, matsalar daga ƙirar gaɓoɓin sarƙar take. Ki ba ni dama in zana sabuwa, a ƙera mana ita a nan Kano. In ta tsinke a cikin shekara, ki sallame ni."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Kai ka faɗa fa, Injiniya."

"Ni na faɗa."

Ga wanda bai taɓa duba sarƙa da kyau ba, kowace gaɓa falle biyu ne na ƙarfe a gefe da gefe, sai ƙusoshi da suka ratsa su, sai 'yar ganga da take juyawa a kan kowace ƙusa. Sirrin duka yana cikin tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa, don dole ta yi daidai da tazarar haƙoran faifan da sarƙar take hawa. In ta ɗara ko da kaurin farce ne, sarƙa ba za ta zauna a gindin haƙori ba. Wannan na san shi sarai, har na ci jarrabawa a kansa.

Na ɗauko sarƙar da ta tsinke na shimfiɗa a tebur, na wanke ta da kananzir, na auna gaɓa goma na raba gida goma. Ta ba ni milimita ashirin da shida da ɗan ɗoriya. Na yar da ɗoriyar na rubuta ashirin da shida cif. Daga nan na shiga zane a kwamfuta: na ƙara wa fallayen kauri, na ce a gasa ƙusoshin su yi tauri, na huda wata 'yar kafa a kowace gaɓa inda mai zai riƙa shiga. Na kuma sa a buga haruffan sunana a jikin kowane falle (kada wani ya zo daga baya ya ce shi ya yi).

Baba Ishaya ya zo wucewa ya leƙa takardar.

"Injiniya, wace sarƙa ka auna?"

"Wadda aka cire mana, Baba. Akwai wata ce?"

"To."

Washegari ya sake tsayawa. Ya cire asuwakin daga baki, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Ka ce wadda aka cire ka auna? Tsohuwa ce fa."

"Baba, ƙarfe ai ba roba ba ne da za a ce ya miƙe. Ku bar min wannan, a kimiyyance na yi shi."

"To. Allah ya taimaka."

Na kai zanen Bompai wurin Malam Sabo mai injin fere ƙarfe. Shi ma da ya duba sai ya sosa ƙeya. "Ashirin da shida? Mu dai irin wannan da inci ɗaya muka san ta."

"Malam, zamanin inci ai ya wuce. Yanzu duniya milimita take yi."

"Shi ke nan, abin da ka rubuta shi zan fere."

(Inci ɗaya milimita ashirin da biyar ne da ɗigo huɗu. An koya mana. Ina kyautata zaton ranar ina kujerar baya ina duba sakamakon ƙwallo a waya.)

Bayan kwana goma sha biyu sarƙa ta iso tana sheƙi. Saboda tsabar iyayi na ce ba za a ɗora sabuwar sarƙata a kan tsofaffin faifai ba, sai an sayo sababbi dal. Aka sayo. Da na bar tsofaffin nan da haƙoransu suka riga suka side, da wataƙila asirina ya rufu na ɗan lokaci. Da muka hau sama ɗaurawa, Baba ya nuna min da yatsa yadda gangunan suke ɗan ɗarewa kan haƙora maimakon su zauna.

"Sabunta ce, Baba. In ta yi zafi za ta zauna. A ƙara ɗaure ta."

Muka kunna babu kaya, ta juya da 'yar ƙara. Na ce madalla. Na je na roƙi Hajiya ta sauko gobe da azahar ta ga gwaji, in da hali ta taho da manyan masu sayen kayanmu.

Ranar na bar kayan aiki a gida, na sa farar shaddata ta sallah, na ɗora hular kwano a kai. Zafin ranar kuwa irin na kafin saukar damina ne, gumi yana bin bayana kamar an buɗe famfo. Hajiya ta zo da alhazai biyu masu manyan gonakin kaji. Ma'aikata suka bar abin da suke yi suka kewaye mu. Madam Rahila mai kula da sito na miƙa wa wayata na ce ta ɗauki bidiyo, kada ta bar komai ya wuce. Matar nan kuwa akwai riƙon amana.

Na yi jawabi na kusan minti goma, da Turanci a ciki inda ya kamata da inda bai kamata ba. Sannan na je gindin na'urar na buɗe wata 'yar ƙofa da ake leƙa ciki, don baƙi su ga yadda kwanuka suke hawa. Baba ya matso ya ce a hankali, "Injiniya, a rufe ƙofar nan." Na yi kamar ban ji ba. Na lura ya ja Hajiya da alhazan baya kamar taku goma, wai saboda ƙura. Ni na tsaya daf da bakin ƙofar, na ɗaga hannu kamar mai ba da umarnin tashin jirgi.

"A kunna! A saki kaya!"

Kwanuka suka fara hawa cike da dusa. Ɗaya daga cikin alhazan ya ce masha Allah. Na juyo ina murmushi ina kallon waya. Sai daga sama muka ji "kas." Can kuma "kas, kas." Na ce wa jama'a, "Zama take yi." Ban rufe baki ba sai "kararararas, fau!" Sarƙa ta haye haƙora ta yi tsalle ta bar faifan. Kwanukan da suka kusa kaiwa sama, kowanne shaƙe da kaya, ba su da abin da zai riƙe su, sai suka juyo da baya a guje. Duk abin da suka ɗauka suka dawo da shi ƙasa lokaci guda, kuma hanyar fita ɗaya ce tak a buɗe, ni ne kuma a tsaye a bakinta.

Ban ga komai ba, ji kawai na yi kamar an watso min katanga. Da ƙura ta lafa ina tsaye a cikin dusa har gwiwa, hannuna ɗaya har yanzu a sama. Gumin jikina ya kama garin tsaf, tun daga gira har cikin kunne. Na buɗe baki zan yi bayani, sai dusa ta fito a maimakon magana. Sai wani falle guda da ya ɓalle ya gangaro ta matakala, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ya zo ya kwanta a gaban Hajiya. Ta sunkuya ta ɗauka, ta gyara tabarau, ta karanta haruffan da ke jiki da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya.

Ɗaya alhajin ya ce, "Hajiya, wannan in kika saka shi a keji, kajina za su yi kwana biyu ba su nemi abinci ba."

Nan fa aka fashe. Madam Rahila tana dariya har da hawaye, amma wallahi hannunta bai girgiza ba.

Baba Ishaya ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya kamo hannuna ya fitar da ni, ya kai ni bakin famfo na wanke fuska. Sannan ya zaro wata ƙusa ta tsohuwar sarƙar daga aljihu ya ɗora min a tafin hannu. Tsakiyarta ta rame kamar ƙugun zanzaro.

"Gaskiyarka, Injiniya, ƙarfe ba ya miƙewa. Cinyewa yake yi. Dusa tana shiga ta haɗu da mai ta zama kamar yashi, ta ci kowace ƙusa kaɗan kaɗan, sarƙa ta ƙara tsawo. Kai kuma ka auna cutar ka kai aka ƙera maka ita sabuwa."

Ya ce in karɓi rigar aikinsa in sa. Sauran girman kan da ya rage min ya ce a'a. Na kakkaɓe shadda na nufi titi. Tun kafin in kai kwana awaki biyu suka biyo ni, ɗaya har tana jan gefen rigata. Mai adaidaita sahun farko ya tsaya, ya shaƙi warin kifi, ya ce, "Oga, kai za a ɗauka ko buhun?" Na uku ne ya yarda, shi ma da sharaɗin in zauna a gefe in fitar da rabin jikina waje.

Washegari na tafi da takardar ajiye aiki a aljihu, tunda ni na yanka wa kaina hukunci. Hajiya ba ta ko karɓa ba.

"Ishaya ya gyara tsohuwar sarƙar ya mayar, an ci gaba da aiki. Ya ce 'yar kafar man da ka huda dabara ce mai kyau, kuma in ka zana wa sarƙar murfi da zai hana dusa shiga, an gama. In na kore ka, wani sabon zan ɗauko ya zo ya yi min nasa wankan. Kai dai ka riga ka yi naka. Je ka same shi."

Na je na same shi. Muka sake zanen tare a kan inci ɗaya, ya riƙe ma'auni ina rubutawa. Sarƙar ta biyu ta yi aiki lafiya lau, kuma babu harafin kowa a jikinta.

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka kwaikwayi abu, fara tambayar shekarunsa tukuna. In kuma ka ga mutumin da ya fi kowa sanin inji yana ja da baya a hankali yana janye manyan baƙi, to kai ma ba a ɗaure ƙafarka ba.