Ranar Da Sarauniya Ta Sha Taba A Tishigu

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina tun da tsufa ya zo, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da Gwaggo Adiza ta ɗauke ni in duba mata gwangwanin kan sarki a unguwar Tishigu ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A shekarar da muka sami 'yancin kai ne, biki bai daɗe da wucewa ba, tutocin takarda ma ba su gama yagewa a bakin kasuwar Tamale ba. Ni kuwa sabon malamin makaranta ne, ina da taye guda da takalmi mai ƙara, kuma duk unguwarmu ta Nyanshegu an san ni da tara kan sarki, 'yan takardun nan da ake mannawa a jikin wasiƙa. Tun ina ɗalibi nake bin ofisoshi ina roƙon tsofaffin ambulan. Mahaifiyata tana kiran abin sharar Ticha. (Ni kuma ina kiransa ilimi, kowa da nasa.)

Gwaggo Adiza ƙanwar mahaifina ce, mai sayar da atamfa a kasuwa. Ita ta ji labari wajen masu zuwa Kumasi cewa tunda an sauya wa ƙasa suna, ba za a sake buga kan sarki mai sunan Gwal Kos ba, kuma wai akwai Kwarori, fararen fatan nan masu kantuna, a can da suke sayen tsofaffin da tsada. A makon nan kuma sai ta ji wani tsohon soja yana neman mai sayen nasa.

Ta same ni a gida ta ce, "Ɗana, ni atamfa na sani. In na murza yadi na san ko zai zuba. Wannan kuwa aikinku ne, 'yan boko. Ka zo ka duba mini, kada in sayi shara."

Na ce, "Gwaggo, kin zo wurin da ya dace."

Ranar Asabar na ari gilashin ƙara girma daga kabad ɗin makaranta, na sa hantsaki a aljihun gaba yadda kowa zai gani, na ɗaura tayen nan a cikin zafin bazara. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce ko ɗaurin aure za mu. Na ce a raina masana ba sa biye wa irin wannan magana.

Mai kayan ana ce masa Baba Saje. Badagombe ne, dogo, ya yi yaƙin Bama, kuma Hausarsa ta bariki ce, wadda mace da namiji duk "ya" ne. Ya tarbe mu da fara'a, matarsa Mma Sanatu ta kawo mana ruwa cike da ƙwarya ta ajiye a gefena. Bayan gaisuwa ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin biskit, ya riƙe shi da hannu biyu kamar jariri.

Ya ce, "Hajiya, ba don komai zan sayar ba. Ɗakin Mma Sanatu yana yoyo. Bara ruwa ya jiƙa shi har ya yi tari. Na ce bana kafin damina sai na sa masa kwano." Sannan ya faɗi kuɗin da yake nema.

Ya buɗe gwangwanin, na leƙa ciki. Ga na Indiya, ga na Masar, ga na Bama, ga na ƙasashen da a taswira kawai na san su. Duk inda jirgi ya tsaya da su sai ya samo ko da guda. An shimfiɗa mana tabarma a inuwar dalbejiya, amma na ce a'a, inuwa tana ɓoye aibu, a ja tabarma tsakiyar gida inda rana take. Mma Sanatu ta ce, "Ticha, rana fa ya yi zafi." Na ce mata aikin bincike haske yake so. Aka ja.

Gaskiya, a bar ni in yabi kaina kaɗan, farkon aikin ya tafi daidai. Na jera su a kan tabarma da hantsaki, na hana kowa taɓawa da hannu. Na nuna wa Gwaggo yadda ake duba haƙoran gefe, in ɗaya ya gutsure daraja ta ragu. Na nuna mata wanda hatimin gidan waya ya rufe wa fuska baƙi ƙirin, da wanda hatimin ya ɗan shafi kusurwarsa kawai. Na ɗaga wani sama na ce ta leƙa ta ga tambarin da ke ɓoye a cikin takardar, na juya wani na nuna mata ƙaron bayansa da ba a taɓa lasa ba. Na ware na banza gefe guda, masu kyau gefe guda. Gwaggo tana gyaɗa kai tana cewa, "Ashe su ma kamar atamfa ne, akwai mai zuba."

Kafin a jima maƙwabta sun cika gidan. Mata sun bar daka, wani tela ya baro kekensa, tsofaffi sun jawo kujeru. Ni kuwa da na ga taro sai muryata ta ƙara kauri, na soma jefa Turanci a inda Hausa ma ta isa.

Sai Baba Saje ya ciro wata 'yar takarda daga ƙasan gwangwanin, ya warware ta a hankali. Ya ce, "Wannan Kyaftin namu ya ba ni ranar da muka rabu. Ya ce na kakansa ne."

Kan tsohuwar Sarauniya ne, ba wadda take kan gado a lokacin ba, ta can zamanin kakanni. An rubuta Gwal Kos a jiki, launinsa bai koɗe ba, haƙoransa cif, ƙaron bayansa yana nan. A hoto kawai na taɓa ganin irinsa. Na ɗauke shi da hantsaki na ɗora a kan murfin gwangwanin. Na saita gilashi a kansa, na leƙa, na ɗago kai na fuskanci jama'a.

Daga nan fa na buɗe lacca. Na ce wannan shi ne uwar tarin gaba ɗaya. Na ce duk sauran in an haɗa su ba su kai rabinsa ba. Na shiga tarihin yadda aka fara gidan waya a bakin teku, na wuce zuwa yadda ake buga kan sarki a Ingila, hannun hagu yana ta nuni a sama, na dama kuma yana nan riƙe da gilashi inda na bar shi. Idona yana kan jama'a, musamman wani tsoho da yake amsawa da "Naa, naa" irin ta Dagomba duk sanda na numfasa. Na ji wani ɗan ƙauri, na ce a raina wata ta manta da tuwo a kan wuta. Har na ɗan tausaya mata.

Sai na ji Baba Saje ya ce, cikin natsuwa irin ta soja mai kai rahoto, "Ticha. Sarauniya yana shan taba."

Na duba ƙasa. Wani siririn hayaƙi yana tashi daga daidai bakin Sarauniya. Rana ta bi ta cikin gilashina ta taru a ɗigo ɗaya, ta huda ta. (Abin da ya fi ciwo, a makon da ya gabata na koya wa 'yan ajina wannan darasi, da wannan gilashin, da busasshen ganye.)

Mai hankali yatsa zai ɗora a kai, shi ke nan. Ni kuwa na yi ihu, na wawuri ƙwaryar ruwan nan ta Mma Sanatu na sheƙa. Ruwa ya kwashe Sarauniya daga kan murfi, ya bi tabarma, ya ratsa Indiya da Masar, ya haɗe na banza da masu kyau wuri guda. Na durƙusa ina tsamo su da hannu, ni da na hana kowa taɓawa. Ƙaro ya jiƙe, suka manne mini a yatsu, a taye, a gwiwar wando. Na share gumi, wani ya zauna a goshina ban sani ba.

Tsohon nan mai "Naa" ya miƙa wuya yana leƙen tabarma.

Gwaggo ce ta fara magana. Ta gyara mayafi ta ce, "To, Ticha, yanzu kuma yaya darajarsa?"

Na so ƙasa ta tsage. Na dubi Baba Saje, ya ɗauki Sarauniyarsa a tafin hannu yana kallon hudar. Na dubi ɗakin Mma Sanatu da ruɓaɓɓiyar ciyawarsa. Muryata ta dawo 'yar ƙarama, Turanci duk ya gudu. Na ce waɗanda aka riga aka yi aiki da su za su bushe su dawo daidai, masu ƙaro darajarsu ta ragu ƙwarai, Sarauniya kuwa ba mai sayenta kuma. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Hawaye na gaske suka zo mini, da taye da komai.

Baba Saje ya ɗago ya dube ni. Sai kafaɗunsa suka soma rawa. Ya ce, "Mutanenmu sun sha wahala shekara da shekaru kafin Bature ya tafi. Da mun sani, da Ticha muka aika da gilashinsa." Ya miƙo hannu ya ɓamɓare na goshina ya ce, "Kai ma an manna maka, saura a jefa ka a akwatin gidan waya."

Dariyar da aka yi ran nan na tabbata an ji ta har unguwar Bulpiela. Mma Sanatu har da zama a ƙasa tana share ido. Na san dariyar Baba ba ta kai zuci duka ba, domin na ga yadda ya nannaɗe ƙonanniyar a takardarta ya sa a aljihu. Rufa mini asiri ya yi a gaban mutane.

Gwaggo ta jira dariya ta lafa, ta ce, "Baba Saje, abin da ɗana ya ƙona ni na ƙona. Yadda ka faɗa tun farko, haka na saya." Duk kasuwar Tamale ba wanda ya taɓa jin matar nan ta sayi ko albasa ba tare da ciniki ba. Baba ya ce ba zai karɓa duka ba, ita ta ce sai ya karɓa, suka yi ta ja-in-ja, mai saye tana hawa, mai sayarwa yana sauka. A ƙarshe suka shirya, ta ɗauki gwangwani, shi ya riƙe Sarauniyarsa tunda ta Kyaftin ce.

An rufa ɗakin Mma Sanatu kafin ruwan farko. Ni na yi dakon kwanon daga kasuwa a kaina, ɗalibaina suna gaishe ni a hanya. Baba Saje ya hana ni hawa sama, ya ce kwano yana ƙyalli, ba ya so rana ta gan ni kusa da shi. Daga nan na zama ɗan gida, kusan kowace Juma'a a can nake cin tuwo har Allah ya karɓi ransa.

Kwarorin Kumasi kuwa, Gwaggo ba ta taɓa nemansu ba. Ta ajiye gwangwanin a ƙarƙashin gado, in ta yi baƙi ta fito da shi don ta sami hanyar ba da labarina. Kullum kuma sai ta ƙara wa hayaƙin tsawo. Kafin ta rasu, a bakinta, har an kira 'yan kwana-kwana.

Abin da na koya shi ne, in ana yaba maka kana magana, ka riƙa leƙa abin da hannunka yake yi. In kuma ka ji ƙauri a gidan mutane, ka fara duba gabanka kafin ka tausaya wa mai tuwo.