Kwaɗon Furen Mudira

Ni fa ba a koya mini ganye. Shekara sittin ina tsinkarsa a dajin Maraɗi kafin autata Rabi, mai aikin jinya, ta ɗauko ni zuwa Riyad.

Wata safiya tana wurin aiki, na ga tukunya a bakin taga, ganye shar da 'yan fararen furanni. Na tauna ɗaya, na ji yaji-yaji. Na ce gasaya ce, sanyin ɗaki ya tsumburar da ita. Na tsinke tas, na dafa, na kwaɗa da ƙuli.

Rabi ta dawo ta ci har da suɗe kwano. Sai idonta ya kai taga.

"Inna, ina furen mudira?"

Ashe ajiyar shugabarta ce, wadda sabunta aikin Rabi ke hannunta. Daga dajin Turai aka kawo shi, sau ɗaya yake fure a shekara, bayan sanyi. Kuma ranar za ta karɓa.

Da la'asar matar ta iso, ta ji labari. Ta dubi tukunya, ta dube ni. Rabi sai zufa. Can matar ta yi tambaya, Rabi ta fassara: wai da daɗi?

Na ce bai kai gasaya ba. Rabi ta ƙi fassarawa.

Aikin dai ya tsira. Amma har yau in za mu ziyara, jikokina sai su ce, "Kaka, ci ki ƙoshi tukuna, gidan akwai furanni."